Awon Babban Yatsa

A shekarar da aka fara ginin masaƙa a Kakuri, Kofur Jethro ya yanke wa kansa hukunci: ko ya auri Celina, ko ya zauna haka nan har gemu ya yi furfura. Ba kofur ba ne a lokacin. Ya tuɓe kaki tun dawowarsu daga yaƙin ƙasar Bama, can ƙetaren teku, ya kama aikin ɗibar kwal a loko, inda ake shirya kawunan jirgin ƙasa, amma sunan ya manne masa, duk unguwar Makera ba mai kiransa da wani.

Celina kuwa tana zaune a gidan gwaggonta a bayan tashar jirgi, tana koyon ɗinki. Doguwa ce, ba ta cika dariya ba, in kuma ta yi sai ta kawar da kai kamar ta yi ɓarna. Ranar da Jethro ya fara ganinta a bakin famfo, ya tsaya da bokiti a hannu har layi ya wuce shi, ya koma gida da bokitin yadda ya fito da shi. Mutumin da ya kwana cikin laka a dajin Bama bai yi ciwon kai ba, sai ga shi ya kasa cin tuwo saboda wata ta ce masa, "Kofur, matsa, kana tare mini hanya."

Ya tura manya Kakau, inda mahaifinta, Baba Shekari, yake noma. Tsohon ya karɓi gaisuwa, ya ba su ruwa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Daga baya ya aiko cewa yaron ya zo da kansa.

Jethro ya je ran Lahadi bayan an tashi daga coci, sanye da kwat ɗin da yake ajiyewa a ƙarƙashin katifa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Baba Shekari ya shiga ɗaki ya fito da wani dogon abu naɗe cikin tsohon buhu, ya ajiye a tsakaninsu.

"An ce ka yi soja."

"Na yi, Baba."

"To ka san wannan."

Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta kusa kai tsawon mutum. Ƙotarta ta yi baƙi da gumin hannu. Bakinta kuwa ya dare gida-gida kamar furen kabewa.

"Bara ta yi haka," in ji tsohon. "Birai sun samu labari. Yanzu a kan shuri suke zama suna cin dawata, suna kallona. Har akwai wani babba da yake ɗaga mini gira."

Jethro bai san ko dariya ake so ya yi ba, sai ya mai da ido kan bindigar.

"Ka kai ta birni a gyara. In dawa ta shiga rumbu lafiya, sai mu yi waccan maganar."

Iyakar abin da aka ce ke nan. Jethro ya ɗaure bindigar a keke, ya kamo hanyar Makera yana jin kamar an riga an ba shi rabin Celina, naɗe cikin buhu.

Duk kudancin kogi ba wanda ya kai Malam Ɗanjuma iya gyaran bindigar mafarauta. Mutumin Zariya ne, siriri, ɗan gajere, yana da maƙera a bayan kasuwa, kuma shi yake zuga wa kansa wuta don ya ce bai taɓa samun wanda ya iya ba. Jethro ya tarar da wani a gabansa riƙe da bindiga, Malam Ɗanjuma yana tambayarsa.

"Ta wa ce?"

"Ta yayana ce, Malam."

"Je ka kawo shi."

"Yana Kujama fa."

"Kujama ba lahira ba ce. Ba na gyara bindigar da mai ita ba ya nan. Ni da hannun mutum nake aiki, ƙarfe daga baya yake zuwa."

Mutumin ya tafi yana gunaguni. Jethro ya tsaya da buhunsa, lissafi ya ruɗe masa. Kowa a Kakau ya san Baba Shekari ba ya shiga birni. Ya taɓa zuwa sau ɗaya, wani ɗan garuwa ya sayar masa da ruwan sha, ya koma gida ya ce shi da wurin da ake sayar da ruwa sai dai a labari. Dawa kuma ta riga ta fara fitar da kai.

"Kofur, me ka kawo mana?" in ji maƙerin. "Jirgi ne ya ƙi tashi?"

Jethro ya kwance buhun. Malam Ɗanjuma ya duba bakin, ya leƙa ciki, ya shinshina.

"Ta wa ce?"

"Tawa ce," in ji Jethro. Maganar ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

"Kai ka yi mata wannan ɗurin? An ce muku albarushi garin kunu ne?"

"Kuskure ne, Malam."

"Sai an yanke. Za ta gajarce, ba za ta ƙara kai inda take kaiwa da ba. Kana harbin giwa?"

"Birai."

"To birai ba su da nisa."

Aka sa zarto aka yanke wurin da ya dare, har da ɗan ƙari. Bindigar da ta kusa kai tsawon mutum ta dawo ba ta wuce ƙugu ba. Da la'asar suka gangara bakin kogi, inda ba kowa sai masu wanki can nesa. Jethro ya ɗura, ya ja kunama baya da babban yatsa, wato ƙarfen nan mai riƙe da ƙanƙarar da ke ƙyasta wuta, ya saita wani kututture ya harba. Ta tashi, tsuntsaye suka watse. Ya sake ɗurawa, ya sake jan kunama, sai ta taho laɓo-laɓo kamar wuyan kazar da aka yanka.

"Na sani," in ji Malam Ɗanjuma. "Na so ka gani ne da idonka."

Ya zauna a kan dutse ya buɗe gefen bindigar, ya nuna masa wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya zame daga mazauninsa.

"Sifirin ke nan, shi yake tura kunama. Da tana doguwa tana da nauyi, in ta harba sai ta zauna daram. Yanzu ta yi sauƙi, in ta harba sai ta yi tsalle, tsohon nan kuma ya gaji, ba ya iya riƙe wurinsa. Harbi ɗaya, sai ka zauna ka buɗe ta. Birai za su jira ka?"

"Ba za su jira ba."

"To sai sabon sifirin mai tauri, da ɗan abin da zai shanye tsallen. Amma tauri iyakarsa yatsan mai ita. Gobe ka zo da yatsanka."

Washegari bayan an tashi daga aiki Jethro ya zo da yatsansa. Malam Ɗanjuma ya zazzage wani tsohon kwano a ƙasa. Ba irin sifirin da babu a ciki: na sirdin keke, na laima, na agogon bango, na tarkon gafiya, da wasu da shi kansa ya ce bai san daga jikin me suka fito ba. Ya ɗauki ɗaya ya maƙale a jikin wani gungume.

"Danna."

Jethro ya danna, ƙarfen ya kwanta.

"Wannan ai na yara ne, Malam."

Aka sa wani. Ya kwanta. Aka sa na tarkon gafiya, shi ma ya kwanta. Shekaru Jethro ya yi yana riƙe da shebur, babban yatsansa ya yi kauri kamar taɓarya, kuma ba a taɓa neman ya nuna shi ba sai yau. Masu jiran gyaran fartanya suka matso suna kallo. Wani abu ya hau masa kai. Ya ga Celina a tsaye a ƙofar gidansu da ke Kakau, ya ga kansa yana miƙa wa mahaifinta bindigar da ba irinta daga nan har Kafanchan, wadda ba za ta taɓa ƙin tashi ba ko da damina ko da rani. A zuciyarsa, duk sifirin da ya fi wani tauri ya fi shi nuna yawan son da yake mata. Zai kai wa Celina na laima? Ina.

"Akwai wanda ya fi wannan?"

"Kofur, ba kokawa muke yi ba."

"Ina son wanda ba ya gajiya."

Malam Ɗanjuma ya dube shi, ya tashi ya shiga ciki, ya jawo guntun sifirin ɗin wata tsohuwar lori. Ya tsaga siririn yanki, ya sa a wuta, ya bubbuga, ya lanƙwasa, ya tsoma a mai, ya sake kai shi bakin wuta yana kallon launinsa kamar mai jiran ganin wata. Da ya huce ya maƙale shi a gungume.

Jethro ya danna. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ƙarfen ya yi gardama, sannan ya kwanta a hankali.

"Shi ke nan," in ji maƙerin. "Wannan naka ne. Ko ɓarawo ya sace ta, sai ya dawo ya roƙe ka ka ɗana masa."

Masu fartanya suka yi dariya, Jethro ma ya yi. Maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Saura abin shanye tsalle. Malam Ɗanjuma ya yanko ɗan ƙullin fatar sa ya cusa a bayan sifirin. Sannan ya jawo tsohuwar tayar mota don a yi wa gindin ƙota matashi. Kafin ya yanka, ya dunƙule hannu ya naushi kafaɗar Jethro. Ya sake nausa.

"Ka ji wani abu?"

"A'a."

"Ni na ji," ya ce yana yarfe hannu. "Wannan kafaɗa ba ta bukatar katifa." Ya yanko siririyar roba, ba ta fi kaurin ƙasan takalmi ba, ya kafe ta da ƙusa.

A bakin kogi bindigar ta tashi, ta sake tashi, ta yi ta tashi har albarushi ya ƙare, masu wanki suka aiko a tambaya ko yaƙi ne ya dawo.

Ran Lahadi Jethro ya sake sa kwat. Celina ta riga ta koma Kakau don aikin kaka, kuma a bakin rafin da ke shiga garin ya gan ta tana ɗauraye ƙwarya. Ya sauka daga keke da sauri har ya kusa faɗawa ruwa.

"Kofur, an gyara?"

"An gyara. Duba."

Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta juya ta, ta auna gajartarta da ido.

"Sun cinye rabi."

"Amma ba ta ƙin tashi."

Ta ɗora yatsa a kan kunama ta ja. Ko motsi. Ta haɗa yatsu biyu. Ta ɗago ta dube shi, kallon da zai tuna har tsufansa.

"Ka taɓa ganin Baba yana ɓare gyaɗa?"

"A'a."

"Da haƙori yake ɓarewa. Sanyin ƙashi ya kama masa yatsu tun shekarun baya. Ko igiyar wando ni nake zura masa."

Jethro ya dubi bindigar, ya dubi babban yatsansa, wanda jiya-jiya yake alfahari da shi.

"Bari in koma."

"Ka makara. Ga su can gindin ɗorawa, sun gan ka. Baba tun safe ya tara mutane."

Ya waiga. Dattawa ne zaune a inuwa, ƙoƙon burkutu yana zagayawa, Baba Shekari kuma ya ɗaga hannu.

"Celina, me zan ce?"

"Kai ne ka je Bama," ta ce, ta ɗauki ƙwaryarta.

Ya tura keken zuwa gindin ɗorawa kamar mai tura gawa. Ya durƙusa, ya gaida kowa, ya miƙa bindigar da hannu biyu. Baba Shekari ya karɓa, ya shafa ƙota, ya taɓa robar, ya leƙa sabon bakin.

"Ta rame," ya ce.

"Sai da aka yanke, Baba."

Tsohon ya dafe ta a cinya ya ɗora babban yatsa a kan kunama. Sai yanzu Jethro ya ga yatsan da kyau, a karkace, gaɓoɓin sun kumbura kamar ƙullin rake. Ya ja. Ya gyara zama ya sake ja. Ya sa tafin hannu. Ya kafa gindin a ƙasa ya danna da hannu biyu har hularsa ta zame. Kunama tana nan inda Malam Ɗanjuma ya bar ta.

Mai riƙe da ƙoƙo ya tsaya da shi a rabin hanya. Wani dattijo ya shiga kallon reshen ɗorawa kamar yau ya fara ganinsa. Wannan mutum ne da ya taɓa kashe gyado a bayan gari, ga shi a gaban abokansa bindigarsa ta ƙi shi. Jethro ya so ƙasa ta buɗe. A ransa ya yi bankwana da Celina, ya ga kansa tsoho a ɗakin haya a Makera yana dafa wa kansa wake.

Baba Shekari ya gyara hula ya miƙo bindigar.

"Ɗana mu gani."

Jethro ya yi niyyar ya yi kamar shi ma da ƙyar, amma yatsan bai san wannan dabara ba. Ƙas, ta ɗanu.

"Ɗura. Ga shuri can."

Ya ɗura ya harba, kan shurin ya tashi. Aka ce ya sake, ya sake. Aka ce ya ƙara. Bindigar ba ta yi masa alfarmar ƙin tashi ko sau ɗaya ba. Hayaƙi ya cika gindin ɗorawa, dattawa suna tari.

"Maƙerin nan," in ji Baba Shekari, "an ce ba ya aiki sai ya auna mai bindiga."

"Haka ne, Baba."

"Wa ya auna?"

"Ni."

"Me ka ce masa?"

"Na ce tawa ce."

Tsohon ya karɓi ƙoƙo ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Na aike ka da bindigata, ka dawo da taka."

"Baba, a yi haƙuri. In kun yarda mu je tare gobe, in ɗauke ku a keke, a sake awo."

"In kai yatsana Makera a auna a gaban 'yan kasuwa? Su ma su gani?" Ya girgiza kai. "Waɗannan da suka gani sun isa."

Ya jingina da ɗorawa ya dubi gonarsa, wadda ta miƙe daga bayan gari har gindin duwatsu, zangarniya ta fara sunkuyawa.

"Birai da sassafe suke zuwa, kafin raɓa ta bushe. Akwai rumfa a tsakiyar gona, sai dai tsaninta ya ruɓe."

Jethro bai gane ba da farko. Da ya gane, ya ce, "Baba, ina da aiki a loko."

"Su ma suna da aiki a gonata."

"Waccan maganar fa?"

"Na ce in dawa ta shiga rumbu. Na canza ne?"

Washegari Jethro ya je wurin hedimansu, shugaban leburori, ya roƙi a mai da shi aikin yamma, aikin da kowa yake gudu. Hediman ya tambayi dalili, ya ce birai. Hediman ya dube shi ya ce ya ji dalilai iri-iri a aikin nan, amma ya je an mai da shi.

Haka rayuwar Kofur Jethro ta koma. Gari na fara wayewa yana kan keke, bindiga ɗaure a baya. Ya gyara tsani, ya hau rumfa, ya zauna cikin raɓa. Birai suka zo ran farko da iyalansu kamar masu zuwa biki, ya harba sama, suka watse, suka dawo don sun saba tsohuwar bindiga ba ta maimaitawa, ya sake harbawa. Babban nan mai ɗaga gira ya tsaya a kan dutse ya daɗe yana nazarin al'amarin. In rana ta take Jethro ya sauko ya taka keke zuwa loko ya ɗebi kwal har a tashi. Ya rame, idanunsa suka faɗa, ya taɓa yin gyangyaɗi a coci har ya amsa amin a inda ba a yi addu'a ba. Siririyar robar nan kuma, da aka yi ta harbi kullum, ta bar masa tabo baƙi a kafaɗar da aka ce ba ta bukatar katifa.

Celina takan kawo masa kunu da hantsi, ta ajiye a gindin rumfa, ba ta hawa.

"Kofur, ka kashe nawa?"

"Ba kisa aka ce in yi ba. Kora."

"A Bama ma haka ka yi?"

"Baba ya ce wani abu?"

"Ya ce kana harbi da yawa, kaji sun daina ƙwai."

"Shi ke nan?"

"Ya ce a ƙara maka kunu."

Jethro ya riƙe wannan magana ya yi ta juya ta a ransa har loko, yana neman ko akwai aure a cikinta.

Wata safiya, dawa ta yi ja, ana ta wasa lauje a gari, ya hango Baba Shekari yana tahowa ta gefen gona yana dogara sanda. Tunda Jethro ya fara gadi tsohon bai taɓa leƙowa ba. Daga ɗaya gefen kuma ga wani baƙo da jaki, ya bar hanya zai ratsa ta cikin dawa don ya rage nisa.

"Kai mai jaki," in ji Baba Shekari, ba tare da ya ɗaga murya sosai ba. "Koma ka bi hanya."

"Baba, nan da can ne kawai."

"Ni ba ruwana. Amma surukina yana kan rumfar can da bindiga, bai yi barci ba, kuma ba ya bambanta jaki da biri."

Mai jaki ya ɗaga kai ya ga ƙaton mutum a kan rumfa, ya juya dabbarsa ba gardama.

Jethro ya ji kalmar. Ta taho ta saman zangarniya ta same shi a ƙirji, ya kama sandar rumfa da hannu biyu. Idanunsa suka cika, gonar duka ta narke ta zama ja.

Baba Shekari ya ƙaraso gindin rumfa, ya karya zangarniya ɗaya, ya ciji ƙwaya ya tauna.

"Jibi za a fara yanka," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Ka gaya wa mutanenka su zo bayan an gama. Kuma ka share fuska, ga birai can sun sauko ta bayanka."

Jethro ya share fuska da hannun riga, ya juya, ya ɗana.